Na Ɗora wa Aminiyata Laifin Kwamfutar da Ni Na Lalata

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai, kuma don Allah a sakaya sunana.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a nan Sakkwato, kuma babu abin da nake tsoro kamar faɗan yayana. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Mutumin kirki ne, sai dai yana da zafin zuciya. Ina da aminiya da muka tashi tare a Tudun Wada, ƙofar gidansu na kallon tamu. Kirista ce, mahaifinta malamin makaranta ne da ya zo daga Filato tun kafin a haife mu. Da salla a gidanmu take yini, da Kirsimeti mahaifiyarta ke aiko mana da shinkafa. Da muka fara rubutun kammala karatu, yayana ya ara mini laftof ɗinsa, ya ce mu yi amfani da ita mu biyu, amma in kula, domin akwai takardun aikinsa a ciki.

Wata safiya muna ɗakina, ina shan shayi ina buga rubutu, hannuna ya ture kofin ya zube kan madannan. Aminiyata ta ce in kashe ta maza, mu kai wa mai gyara a ranar. Na ƙi, saboda na san labarin zai kai kunnen yaya. Na goge ta da mayafi, na kifa ta gaban fanka, na roƙi aminiyata kada ta gaya wa kowa. Da la'asar na danna ta kama, na yi hamdala, na ɗauka an wuce wurin.

Bayan kamar mako biyu ta fara gardama. Sai in danna maɓallin, 'yar wutar gefe ta ƙifta, fankar ciki ta juya kaɗan ta tsaya, fuskar ta zauna baƙi ƙirin. Wani lokaci ta kama lafiya, ina tsakiyar aiki ta ɗauke. Wani ɗan ajinmu da ke zaune a Kwalkwalawa ya ce in cire batirin, in danne maɓallin na ɗan lokaci, sannan in jona caja kai tsaye. Na yi, ta tashi kwana biyu ta sake kwantawa. Na ari cajar wani, na sauya soket, duk dai haka. Kullum aminiyata tana ce mini mu faɗa wa yaya gaskiya tun abin bai yi nisa ba, ni kuma ina cewa ta bari tukuna.

Ranar da asirina ya kusa tonuwa, kwamfutar ta kwana a gidan su aminiyata, domin tana gyara babi na uku na rubutunta. Da safe yaya ya ce in kawo masa, zai tafi da ita ofishinsu a Sama Road. Na karɓo, ya danna, ya sake dannawa, shiru. Ya ɗago ya dube ni. Ban san lokacin da bakina ya ce lafiya lau take har jiya da aminiyata ta ɗauka ba, wataƙila ta yar da ita ne.

Yaya bai tsaya ba, ya tsallaka ƙofar gidansu yana faɗa, maƙwabta na leƙowa. Aminiyata ta fito ta tsaya tana saurare. Ta dube ni sau ɗaya, ina bayan yaya, na sunkuyar da kai. Tana iya faɗin maganar shayin a nan take, amma ta rufa mini asiri. Da yamma mahaifinta, dattijon da ya koyar da yayana lissafi a firamare, ya shigo zaurenmu ya cire hularsa yana ba shi haƙuri a kan laifin da 'yarsa ba ta yi ba. Ina bayan labule ina ji. Wallahi na so in fito, amma ban fito ba.

Sai bayan wata guda yaya ya samu sukuni muka kai ta wurin wani dattijon mai gyara a unguwarmu. Yana buɗe bayanta ƙananan tururuwa suka fito. Ya nuna mana inda wani abu ya bushe ya daskare a kan allon cikin, ya yi tsatsa. Ya ce da faɗuwa ta yi da an ga tsagewa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mi kinka zuba mata? Wanga abu mai sukari ne, kuma ya jima." Ya ƙara da cewa da an kawo ta a ranar, ba a yi ta kunnawa ba, da wanke ta kawai zai yi. A shagon na fashe da kuka na faɗi komai. Yaya bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kin sa na ci mutuncin malamina."

Ya je ya durƙusa wa mahaifin aminiyata, aka yafe masa. Ni kuwa kunya ta hana ni, ina ta cewa gobe. Aminiyata ta ƙarasa rubutunta a shagon buga takardu, muna haɗuwa a motar makaranta ta gaishe ni kamar baƙuwa. Kafin in yi ƙarfin hali mahaifinta ya yi ritaya, suka koma gida Filato. Sai da aka shekara biyu na nemi lambarta na kira. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yafe mini tun tuni. Sannan ta ce, "Ba ƙaryar ce ta fi mini ciwo ba. Na tsaya ina jira ki yi magana, ba ki yi ba." Muka yi sallama cikin mutunci. Ta yi aure, ta haihu, a bakin mutane na ji.

An ciro wa yaya takardunsa daga kwamfutar, ya sayi wata, shi ya ma manta da ita. Ni ce har yau idan na fito na ga wasu mutane a ƙofar gidan nan sai in tuna abin da na yi mata. 'Yan'uwa, idan na'ura ta fara ɗaukewa, ku daina matsa mata, ku kai wa wanda ya sani, ku faɗa masa ainihin abin da ya same ta. Idan kuma ku kuka yi ɓarnar, ku amsa tun ranar. Faɗan da na guje wa ba zai wuce na yini ɗaya ba. Wadda na rasa saboda shi kuwa, shekara ashirin muka yi tare, kuma ban sake samun irinta ba. Ku taya ni da addu'a.