Laimar Kwaɗin da Muka Je Nemo wa Kaka a Roni

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanwata da abokina mai mota. Saboda Kaka muka yi tafiyar. Shekara guda ke nan mantuwa na cin ta, ranar Juma'a ma da sunan marigayi babanmu ta kira ni. Ni kuma na yi ta gani a waya cewa masana na binciken wata irin laimar kwaɗi, ko za ta taimaki ƙwaƙwalwa. Su ma sun ce ba a tabbatar ba tukuna, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

A Kazaure muka karya da koko da ƙosai, duwatsu sun yi kore shar da damina. Ƙosansu ya fi namu girma da araha, abokina har da guzuri. Muka ɗauki hanyar Roni, mahaifar Kaka. Inda taɓo ya tsayar da mota, acaɓa ya ƙarasa da mu.

Na riƙa nuna wa mutane hoton laimar kwaɗin a waya, wata fara buzu-buzu. Wani dattijo ya ƙura mata ido ya ce, "Samari, wannan ai gemuna ne." Aka kwashe da dariya, sannan aka tura mu rugar wata tsohuwa ta wajen Gwiwa.

Muka durƙusa muka gaishe ta, ta dama mana fura. Ta ce ba ta san ta hoton ba. Tasu a jikin suri take fitowa washegarin ruwa, kafin hantsi ta yi yaushi. Mu kuwa da azahar muka iso.

"Kuma akwai mai kisa, kamarsu ɗaya," in ji ta. "Dije ce mai ganewa. Tun da aka kai ta Kano na daina cirewa. 'Ya'yan wa ne ku?"

Ƙanwata ta kalle ni. Dije sunan Kaka ne.

Kafin magariba muka dawo hannu rabbana. Na zauna gefen tabarmar Kaka na ce, "Kaka, yaya ake gane ta suri?" Fuskarta ta washe, ta ɗaga yatsa za ta yi bayani, sai ta tsaya. Can ta ce, "Kai ɗan wane gida ne?"

Shekara ashirin muna gida ɗaya, kaina na kan waya, ban taɓa tambayarta ba. In kuna da tsoho a gida, ku tambaye shi yau. Ni na makara.