Injin da Ya Riga Hanne Numfashi

Duk tsufan nan nawa, ranar da na ɗaga murya saboda Hanne ba ta ɓace min ba. An yi zaɓe na biyu bayan saukar soja, ina shara a ɗakin yara masu tsananin ciwo a wani babban asibiti a Kano. Ni Gambo, 'yar Kibiya ce, ban taɓa zama a aji ba. A tsarin aiki akwai babban likita, ƙananan likitoci, sistoci, sannan mu masu tsumma da bokiti.

Hanne shekararta uku, daga Durba. Ciwon huhu ya kama ta, aka kai ta asibitin Rano, suka turo mana, aka sa mata injin numfashi. Ga wanda bai sani ba, tiyo ake zura wa yaro ta baki. In ya ja numfashi, injin ya ji, ya tura masa iska. Yaro ne gaba, inji na biye.

Rana ta uku da hantsi ina goge ƙarƙashin gadonta, na ga abu ba daidai ba. Tana son fitar da iska, inji na cusa mata, ƙirjinta na fizga, zufa sharkaf. Ni da na tashi ina lugude, mu biyu turmi ɗaya, na san in taɓare sun haɗu. Ga kunnena kusa da tiyon, ina jin ruwa na kaɗawa a ciki.

Ƙaramin likita ya ce a ƙara mata allurar barci, wai tana faɗa da inji.

Na ce, "Likita, ba ita ba ce. Injin ne ke riga ta. Akwai ruwa a tiyon nan."

Ko kallona bai yi ba. "Iya, a wace makaranta? Ki ji da bokitinki."

Yaron da autana ya girme shi!

Na tari Sista Laraba, allura na hannunta. Ta ce, "Iya Gambo, so kike a kore mu tare?"

"A kore ni ni kaɗai. Ke dai ɗaga tiyon."

Ta ɗaga, ta juye ruwa ya kai rabin kofi. Babban likita ya shigo, ya ce motsin ruwan ne injin ke ɗauka numfashi. Ya daidaita shi ya riƙa jiranta. Nan take yarinya ta lafa. Bayan kwana huɗu aka cire tiyo, ta nemi koko da dusasshiyar murya.

Ni kuwa me na samu? Metiron, shugabar sistoci, ta kira ni ofis, ta ba ni takardar gargaɗi, wai na sa baki a aikin da ba nawa ba. Aka ce in dangwala yatsa. Na dangwala, na danna sosai.

Ku da kuke aikin yanzu, kafin ku ɗauki allura ku dubi ƙirjin yaro. Asibitin nan ya fi jin matsayin mai magana a kan maganar kanta. Takardar tana nan cikin adakata. Na sa an karanta min ita sau biyu, tun daga sama har ƙasa. Babu sunan Hanne a ciki.