Dogon Layin Dakta

Kwamfutoci takwas ne a ɗakin gwajin sashenmu, tsofaffi, an jera su jikin bango an haɗa su da shuɗiyar waya. Dakta, malamin da aka ba ni ya duba aikin digirina na biyu, yana ji da su fiye da yadda yake ji da 'ya'yansa. Duk baƙon da ya shigo sashen sai an kai shi ya gan su, ko da banɗaki ya zo nema.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Gabukka. Hutun karatu na shekara biyu aka ba ni, kuma an gaya mini ɓaro-ɓaro ba ƙari. In ban gama a cikinsu ba, zan koma aji hannu biyu. Aikina a kan kwarin da ke bayan gidan mahaifina a Nasarawo ne, wanda kowace damina sai ya gutsuri ƙasa ya matso. Na rubuta manhaja da ke lissafa yadda ruwan sama ke gudu yana cin ƙasar. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka aka yanka filin gida takwas. Kowace kwamfuta ta ɗauki yanki guda, ta riƙa aika wa maƙwabciyarta saƙo cewa ga yawan ruwan da ya tsallako iyakarki. Lamba sifili ita ce shugaba, ita ke tattara komai a ƙarshe.

Kafin manhaja ta yi aiki sai an ba kompaila, wato abin da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa. Manhaja mai aika saƙo irin tawa kuwa sai an nuna wa kompailar inda kayan aika saƙon suke. Mutanen da suka ƙera kayan sun san wahalar, shi ya sa suka haɗo da wata 'yar kompaila da ke lulluɓe da ta asalin, sunanta mpicc. Ita ta san inda komai yake. Ka rubuta sunanta, ka rubuta sunan manhajarka, shi ke nan. Shafin farko na littafin bayanin kayan ma da ita ya fara.

Dakta ya haramta ta.

"Wannan ta malalata ce, Malama," in ji shi, ranar da na ambace ta. "Mu da muka yi karatu a waje, da hannu muke rubuta layinmu. Sai ka san abin da kake yi."

Layin nasa yana cikin wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ya dawo da shi daga can wajen. Ya cika sahu huɗu a allo. Yakan tsaya ya kwafa shi harafi bayan harafi, yana lumshe ido, mu kuma mu kwafa a littattafanmu, kamar masu karɓar laƙani. Na taɓa tambayarsa me wani gutsure a tsakiyar layin yake yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in na girma a ilimi zan gane. A ranar na san bai sani ba. Wani ne ya rubuta masa shekara da shekaru, shi kuma ya riƙe.

Na yi biyayya. Na buga layin, na tayar da manhajar a kan kwamfutoci takwas. Sai ga saƙo takwas a fuskar kwamfuta, iri ɗaya sak: ni ce lamba sifili, ni kaɗai ce. Kowacce ta ɗauki filin gaba ɗaya tana nishi da shi, ba mai yi wa wata magana. Bayan kwana biyu da yini suka fito da amsa ɗaya sau takwas.

Na kira Dakta ya gani. Wallahi murna ya yi.

"Kin gani? Rizolt ɗaya sau takwas! Wannan shi ake kira tabbaci."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Mutumin da ke karɓar gaisuwa da yatsa ɗaya, wanda ke gyara wa mutane yadda ake furta sunayen biranen Turawa, bai ga cewa na'urorinsa sun ƙi sanin juna ba. Yaran ajina na Gabukka, in na ba mutum takwas aiki su raba, kowa ya yi duka shi kaɗai, sun san shirme suka yi.

Sati uku na yi ina bin abin. A cikin keke daga Barunde, inda nake aure, zuwa makaranta, littafin bayanin ne a cinyata. Daga ƙarshe na gano. Kayan aika saƙon iri biyu ne, na maƙera daban-daban. Layin Dakta yana jawo wani tsohon iri da ya zuba a kwamfutocin daga filashinsa, ɗan abin ajiyar bayanai. Abin da ke tayar da manhajar kuwa na ɗaya irin ne, wanda aka saka da aka sayo na'urorin. An gina ta da kayan wani gida, ana kiranta daga wani gida, to ina za ta amsa?

Wata Laraba da hantsi, yana wajen taro, na rubuta mpicc da sunan manhajata. Kalma biyu da 'yan kai. Na tayar. Lamba sifili, lamba ɗaya, lamba biyu, har bakwai, kowacce ta faɗi sunanta. Fitilun bayan na'urorin suka fara ƙyaftawa tare. Kafin la'asar aikin kwana biyu ya kammala, ga taswirar kwarin ta fito, har da lanƙwasar da ke kusa da katangarmu. Na yi hamdala, na kuma ji haushin sati ukun da wani ya cinye mini saboda girman kai.

Washegari na nuna masa. Ban ɓoye ba, na ce da mpicc na yi. Ya yi kamar bai ji wannan ɓangaren ba. Ya kira malamai biyu daga ofishin da ke kusa, ya tsaya gaban fuskar kwamfutar yana bayani da hannu biyu, yana cewa "mun samu", "mun gano". Da suka fita ya ce:

"A ƙarshen kundin, ki sa layina. A rubuta cewa da shi aka gina."

"Ranka ya daɗe, ba da shi aka gina ba."

"Malama, ba za a ce ɗalibata ta yi aikin malalata ba. Kuma ki tuna ni ne mai sa hannu."

Wata huɗu ya rage a hutuna. Na lissafa su a tsaye a wurin, na ce to. Na buga layin nan sahu huɗu a shafi na ƙarshe, ina cewa a raina wa zai karanta shafi na ƙarshe.

Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba mu shi ya karanta. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, rigarsa ma ko guga ba ta sha sosai ba. Ranar kare kundin, muna zaune a ɗakin taro, ni a tsaye gaban tebur, Dakta a gefensa cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. Na amsa tambayoyin lissafi lafiya. Sai Farfesa ya juya kundin ta baya.

"'Yata, wannan layin na shafin ƙarshe, da shi kika gina manhajar?"

Na ce, "Haka aka rubuta, ranka ya daɗe."

"Na ga haka aka rubuta. A babi na uku kin ce da irin da ya zo da na'urorin kika tayar da ita. Layin nan na wani irin ne daban. In da shi kika gina, kwamfutocinki ba za su taɓa magana da juna ba, kuma wannan sakamakon ba zai fito ba. To ɗaya daga cikin biyun ba gaskiya ba ne. Ko layin, ko sakamakon. Wanne ne?"

Na juya na dubi Dakta. Ba wani abu nake nema ba illa ya ce shi ya ba ni. Kalma huɗu. Ya gyara zaman hularsa, ya jawo kundin, ya duba shafin yana yamutsa fuska kamar yau ya fara ganinsa.

"Farfesa, ka san ɗaliban yanzu. Na sha gaya mata ta daina kwaso abubuwa daga intanet. Wannan shafin bai biyo ta teburina ba."

Littafin mai baƙin bango yana aljihun gaban rigarsa a lokacin. Ina ganin kusurwarsa. Malamai biyun nan da ya kira suka ga sakamakon, waɗanda su ma sun sha kwafar layin daga allo, suna zaune, ɗaya na duban silin, ɗaya na duban farcensa. Ban taɓa raina taron manya kamar yadda na raina wannan ba.

Farfesa bai kalle shi ba. Ni yake kallo, kuma na tabbata ya gane komai. Ya sake tambaya a hankali:

"'Yata, akwai abin da kike so ki faɗa?"

Ƙofa ce ya buɗe mini. Amma shi gobe zai hau mota ya koma garinsu, takardar kammalawa kuwa sai ta bi ta hannun mai babbar riga.

Na ce, "Sakamakon gaskiya ne. Layin kuskurena ne, ranka ya daɗe."

Ya sunkuya ya yi rubutu. Hukuncin shi ne a sake gudanar da dukkan gwaje-gwajen a gaban shaidu, a sake gabatar da kundin a zango mai zuwa. Hutuna ya ƙare kafin nan. Na koma aji, na ƙarasa aikin a ranakun Asabar, ya ci mini shekara guda cur. Sakamakon bai canza ko da ɗigo ba.

Har yau mutane in sun ji labarin, Dakta suke zagi, ni ma ina taya su, don ya cancanta. Amma shi bai san abin da layin yake yi ba, bai taɓa sani ba. Ni na sani sarai, da hannuna na buga shi, da bakina kuma na ce nawa ne.