Yaya Bitrus da Kwalbar Zobonsa

Duk wanda ya san yayana Bitrus a Samaru ya san kwalbar zobon da ke aljihunsa. Ka ba shi ruwa, ba zai sha ba sai ya ɗiga zobo a ciki. In ya tsaya ja, madalla. In ya juya kore-kore, sai ya girgiza kai: "Ruwanku ya yi kanwa. Mutum zai sha, kifi kam sai gawa."

Tun da ya yi ritaya yake kiwon kifayen ado a akwatin gilashi, su kuwa sai mutuwa, don ruwan akwatin ya cika kanwa. Na ce, "Yaya, ana sayar da takardar gwajin ruwa a shagunan PZ fa." Ya ce, "In sayi abin da matata Saratu ke dafawa a gida? Allah ya shirye ki!"

Da kifin suka rage biyu, Saratu matarsa ta kafa doka: "Ranar da waɗannan suka mutu, cincin na sayarwa zan zuba a akwatin nan." Wallahi ranar ya ba ni tausayi.

Sai ya koma surka ruwan da na sama, kaɗan-kaɗan, wai kada kifi su firgita. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi hadari ya haɗo, sai ga Yaya ya miƙe.

Fasto ya ce, "Dattijo, lafiya?"

"Ci gaba, Fasto! Albarkar da ka roƙa ce ta iso, zan je in tara."

Duk da haka zobo bai daina juyawa kore ba. Ya zargi rijiya, ya zargi bokitin Saratu. Ashe katantanwar da ya jera a cikin akwatin don ado ce ke narkewa, tana ƙara wa ruwan kanwa! Ya ciro ɗaya, ya matsa mata lemun tsami, sai kumfa, fuuu.

Na ce, "To Yaya, wa ya zuba su?"

"Bar wannan maganar. Wa ya gano?"

Ya kwashe su tas. Ba a yi wata biyu ba, sai ga 'ya'yan kifi birjik. Ya ƙwala kira, "Saratu! Nemo ma cincin ɗinki wani masauki!" Ta leƙa, ta rangaɗa guɗa, shi kuwa yana taka rawa da zani a wuya.

Bara ya tafi ya bar mu, kuma har yau gidan bai koma daidai ba. Ubangiji ya ji ƙanka, Yaya, ya ba ka hutu. Muna kewarka ƙwarai.