Lakar Teku da Naman Layya

Shekara guda cur na yi ina tara laka. Duk bayan 'yan watanni sai in hau jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa bakin teku, inda magudanan gonaki ke zuba ruwansu, in shiga da dogon takalmin roba in ɗebo. Abin da nake nema a cikinta shi ne naitirojin, sinadarin da taki da ruwan masai ke kaiwa teku. Idan ya yi yawa gansakuka ta rufe ruwa, kifi ya rasa numfashi. Digirina na biyu gaba ɗaya da lakar nan ya dogara, ga tallafin karatuna saura kaɗan ya ƙare.

Laka ce mai tsirfa, ba ta son ɗumi. Da ta narke, ƙwayoyin da ke cikinta za su farka su dagula abin da zan auna. A 2013 yau a buɗe jami'a gobe a rufe saboda tarzoma, sai na kwaso robobina na jera su a firizar gidanmu a unguwar Arba wa Nus. Maigidana, da fiƙihu yake karantawa, ya ce shi bai taɓa jin amaryar da aka kai da taɓo cikin kayan ɗaki ba.

Washegarin Babbar Sallah na tsallaka unguwar Ard al-Liwa yawon gaisuwa. Ina hanyar dawowa maigidana ya kira ni, wai matar dattijon ɗalibai 'yan ƙasarmu, wadda duk muke kira Yaya, ta kawo naman layyarsu ajiya, ya bar mata mukulli ya fita. A wurinmu idan Sallah ta zo firizar mutum ta kowa ce. Na tambaye shi ko ya yi mata zancen lakar. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya manta.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na kira Yaya har na gaji ba ta ɗaga ba, na san hannunta na cikin nama. Motar hayar da na shiga kuma ta maƙale a shingen sojoji, direba ya kashe inji ya kunna taba abinsa. Na yi ta lallashin kaina cewa ko ta fitar da robobin, ƙanƙara ba ta narkewa nan take, zan tarar da na ceto.

Tun daga matakala na jiyo ƙamshin sabulu. Robobina na kife a kan faranti, an wanke su fes, har rubutun jikinsu an kankare. Yaya na tsaye ta ci ɗamara, gumi sharkaf. Ita ce ta yi jinyata a shekarata ta farko a garin nan, lokacin ban san kowa ba.

Ta jawo ni gefe ta rage murya. "Ƙanwata, wace irin miya kika bari ta lalace haka, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai? Na juye miki ita a bayi kafin maigidanki ya gani. Ki kwantar da hankalinki, ban faɗa wa kowa ba."

Na dubi fuskarta, murna take ta rufa mini asiri.

"Sannu da aiki, Yaya," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Ta amsa da amin, ta miƙo mini wuƙa, na durƙusa muka ci gaba da yankan nama.