Mai Gudu Tsakanin Taga da Soket

Ina zaune a barandar asibiti ina jiran a duba min gwiwa, ga wani bawan Allah a gefena. Furfura ta fara cin gemunsa, wuyan rigarsa ya sha guga har ya koɗe. Matarsa na kwance a ciki. Kwamfuta ce a gabansa, batirinta ya mutu, ba ta rabuwa da soket.

Kunnena ba ya hutu, don haka na ji komai. Ogansa ya ce in bai shiga aiki ta wani abu wai shi VPN kafin azahar ba, kada ya ƙara zuwa. A fahimtata, ƙofa ce ta shiga ofis daga nesa, mabuɗinta wata lamba da ake turo masa a waya. To wayar ba ta samun sabis sai bakin taga, can ƙarshen baranda, lambar kuma ba ta wuce rabin minti da rai.

Yana tsayawa a taga, lamba ta shigo, ya kwaso da gudu yana maimaita ta a baki. Kafin ya zauna ta mutu. Sau shida a idona.

Yana ce wa mai gyaran ofishinsu a waya, "Ranka ya daɗe, wallahi na kashe na kunna."

Na ce, "Ɗan nan, wace irin ƙofa ce ba ta buɗe wa mai jinya?"

"Inna, shekara goma sha tara ina shiga ta gaba."

Ga shi can ya koma taga, waya a sama. An kira azahar tun ɗazu. Shi bai ji ba, ni kuma ban faɗa masa ba.