Mai-kwalabe da Cikinta

Mai-kwalabe ake ce mata a ɗakin binciken kimiyyar da take aiki, don tun tana amarya aikinta ke nan: ta wanke kwalabe, ta turara su, ta jera su a kantar ajiya. Ba ta da hayaniya. Mijinta tela ne, sun daɗe suna neman haihuwa, ta sha ɓari kafin wannan cikin ya zauna.

A ƙuryar ɗakin akwai wata firiza da ba kowa ke buɗewa ba. Ta taɓa jin Dakta, matar da ke shugabantar wurin, tana yi wa ɗalibai bayanin abin da ke ciki. Wai furotin ne irin na jikin ɗan Adam, amma haɗa shi ake yi a ɗakin bincike. A cikin uwa, irinsa ne ke ba ƙwayoyin halittar ɗan tayi umarni, waɗannan su zama ido, waɗancan zuciya.

Wata safiya tana wanke-wanke, wata 'yar kwalbar furotin ɗin da aka gama da ita ta fashe a hannunta, ta huda safar hannunta ta roba, ta yanke ta a yatsa. Yankan bai kai ya kawo ba, amma ta hangi ɗan farin saura a gindin kwalbar. In abin ya bi jini ya isa wurin ɗan, masu umarni sun zama biyu ke nan. Wa zai bi?

Ta ɗaure yatsan, ba ta gaya wa kowa ba. Abinci ya daina shiga. Ko ƙaramar rigar da mijinta ya ɗinka wa ɗan da ƙyallayen da suka rage ta kasa kallo. Shi kuwa ya ɗauka laulayi ne, yana tsokanarta wai ɗan ya gado shi wajen tsirfa.

Dakta ce ta lura da ramarta, ta ja ta ofis. Da ta ji zancen sai ta riƙe hannunta, ta ce abin ba ya ƙarko in ya bar sanyi, kuma jiki narkar da shi yake yi tun bai je ko'ina ba. Ta yi mata faɗan ɓoye rauni, ta kai ta asibiti da kanta aka duba cikin, aka ce lafiya lau.

"Dakta, kin taɓa ganin wadda irin kwalbar nan ta yanka tana da ciki?"

Dakta ta girgiza kai. "Ban taɓa ba, Yaya. Amma abin da na gaya miki na tabbata da shi."

Kunnenta ya ji, zuciyarta ta ƙi. Haka ta ƙarasa watannin, in ɗan ya motsa ta tsorata, in ya yi shiru ta fi tsorata.

Ranar da ta sauka, ta juya fuska bango, ta ce wa yayarta ta fara dubawa. Yayar ta buɗe zani, ta daɗe tana jujjuya jaririyar.

"Ke, juyo ki karɓi 'yarki. Komai ya cika. Kunnuwan nan dai na dangin ubanta ne, ba mai raba ta da su."

Ta juyo a hankali, ta miƙa hannu, sannan kuka ya zo mata.